Lauyan da Ya Tumɓuke Iyaka

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Lauwali, nan bakin tashar Isa, ya san Kamaluddeen ɗan Malam Kalilu, ko yana so ko ba ya so. Ba sai an nuna maka shi ba, muryarsa ce ke fara tarbar mutum. Tun da ya dawo daga Sakkwato da takardar diflomar shari'a ya hana kowa sakat. Akuya ta shiga gidan maƙwabci, Kamalu ya san sashen dokar da ta karya. Mai kabu-kabu ya watsa wa wani ruwan kwata, Kamalu ya ɗaure shi tun bai taka birki ba. Shi ya raɗa wa kansa Barista. Mutanen tasha suka ƙara masa "na teburin shayi", amma sai ya ba da baya suke faɗi.

Aikin ne dai babu. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, gogan naka na nan kan benci yana yanke hukunci kyauta. Ran nan abin ya ishi Malam Kalilu, ya kira shi zaure.

"Kamalu, na ji an ce wani lauya ya buɗe ofis Sabon Birni, shina neman magatakarda."

"Awo, Baba, Barista Abdulrasheed. Ni shika nema, sunana ne dai bai sani ba tukuna."

"To tahi shi sani. Amma buɗe kunnenka ka ji. In ba ka samo wanga aiki ba, ruwan shuka na sauka za ka bi ni gona Turba. Hauyarka na nan, na sa an yi mata sabuwar ƙota."

Kamalu ya yi dariyar yaƙe. Duk duniya babu abin da ya tsana irin hauya. Ya gwammace ya wuni da yunwa a inuwa da ya nome taki goma a rana, kuma ya san ubansa ba ya magana biyu.

Ba a jima ba ya isa teburin shayi da takardar gayyata, yana kaɗa ta sama don kowa ya gani.

"Ba irin intabiyun da kunka sani ba ne," in ji shi. "Wanga na taro ne. Dut masu neman aikin za a zaunar teburi guda, a aje muna shari'a tsakiya a ce ku tattauna, Barista na gehe shina kallo."

"Kallon mi?" in ji Lauwali mai shayi.

"Kallon wanda za shi cinye sauran mana! Ni kau in na buɗe baki, wallahi ko tari ba mai samun yi."

Takardar dai cewa ta yi abin da ake son gani shi ne yadda mutum ke sauraron abokansa, da yadda zai kai su ga matsaya ɗaya. Kamalu ya karanta layin sarai, ya ce wannan don ragwaye aka sa shi.

Muzammilu na zaune kan babur ɗinsa yana kurɓar shayi. Shi ɗan Baffa Maliki ne, ƙanin Malam Kalilu, kuma kabu-kabu yake yi. Ya ce, "To in an samu wanda ya hi ka baki hwa?"

"Cikin Gobir? A haihe shi tukuna. Sannan ga wani sirri. Barista Bayarabe ne, mutumin Ilori, Bayarabe kau abokin wasan Bagobiri ne. Ina shiga in ce mai, 'Bawana, tashi ka ba ubangidanka kujera.' Shi ƙyalƙyale da dariya, aiki ya zama nawa."

Ran kasuwar Bafarawa ya sa Muzammilu ya kai shi, ya zaɓo baƙar kwat a gwanjo, mai kauri irin ta ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Hannayenta sun rufe masa yatsu. Ga bazara ta kai maƙura, ko kaza bakinta buɗe yake, amma Kamalu ya ce lauya ba ya jin zafi.

Saura gwaji. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a zauren ubansa, ya kife turmi a tsakiya ya ce shi ne teburi. Ya tara Muzammilu da Lauwali, da wasu 'yan zaman tasha biyu da ya yi wa alkawarin shayi. Ya saka kwat, ya gyara murya.

"Ku ne abokan takarata. Ga shari'a. A ce wani mutum ya ari jakin wani, jaki ya mutu hannunai."

"Jakin wa?" in ji Lauwali.

"Na kowa. Misali ne."

"A'a, ba a aron jakin kowa. In na Ɗan Larai ne, ai dama ciwo garai."

"Ba na Ɗan Larai ba ne!"

"To mace ko namiji?" in ji Muzammilu. "Kuma kaya anka aza mai ko hawa? Don in hawa ne, wa ya hau?"

Aka ɗauki lokaci ana neman mai jaki ba a samu ba. Kamalu ya share gumi, ya gane mutanen nan ba su iya gardama a kan abin da bai faru ba. To sai a ba su abin da suka sani. Nan fa Shaiɗan ya kawo masa gawo.

Gonar Turba gado ce. Da kakansu Kamalu ya rasu, aka raba ta tsakanin Malam Kalilu da Baffa Maliki, dattawa suka dasa layin gamba a tsakiya ya zama iyaka. Sai ga wani ƙaton gawo ya faɗo daidai kan layin. Dattawa suka ce na su biyun ne, kowa ya kwashi 'ya'yan ya ba dabbobinsa, kowa ya huta a inuwar. Aka shafa fatiha. A ƙasar nan kuwa maganar da aka shafa wa fatiha ta mutu ke nan, ko a mafarki ba a tono ta.

"Gawon Turba," in ji Kamalu. "Na wa ne ga doka?"

Yayarsa Nana Hauwa, da ke tankaɗe a bayan ƙofa tana jin komai, ta leƙo da rariya a hannu.

"Kai Kamalu, wagga magana an binne ta tun ba a haihe ka ba."

"Yaya, gwaji ne. Ke mi kinka sani ga doka?"

"Na san wanda za shi ci tuwo yau da wanda ba shi ci."

Ta koma, shi kuwa ya miƙe ya soma. Ya ce gindin gawo ya fi karkata gabas, wato gonar ubansa, kuma doka da gindi take aiki. Muzammilu ya ce ai 'ya'yan da inuwar gonarsu suka fi zuba. Kamalu ya daki turmi.

"Inuwa ba ta da hurumi ga doka! Ka taɓa ganin an kai inuwa kotu?"

"To amma..."

"Ba amma! Sashe na sha bakwai, ƙaramin sashe na biyu!"

Allah kaɗai ya san sashen wace doka ce. Duk sanda Muzammilu ya buɗe baki sai a danne shi da wani sashen, har idanunsa suka kaɗa. Ba wanda ya lura Malam Kalilu ya dawo daga masallaci yana tsaye bakin ƙofa, sai da suka ji ya ce a hankali, "Ashe haka doka ta ce?"

"Haka ta ce, Baba. Ko gaban alƙalin alƙalai."

Tsoho ya jinjina kai ya shige ciki. Muzammilu ya buga babur a fusace, ko sallama babu.

Gari na wayewa sai ga Baffa Maliki da sandarsa, rawani a karkace. Ya iske Kamalu ƙofar gida yana goge takalmi.

"Kai ne ka ce gawona na ubanka ne?"

Da wani ne, da sai ya durƙusa ya ba da haƙuri, magana ta mutu nan. Kamalu kuwa sai ya ga dama ce ta samu. Ya tuna a intabiyu ba a san ɓangaren da za a ba mutum ya kare ba, ga kuwa ɗaya ɓangaren ya kawo kansa har gida.

"Baffa, zauna ka ji. Lauya na ƙwarai ba shi da ɓangare guda. Jiya gindi munka duba. Amma saiwa hwa? Saiwar gawon nan ina take shan ruwa?"

Baffa Maliki ya zauna. "Yamma ta hi damshi."

"Gonar wa?"

"Tawa."

"Wa ya hi sassabe ƙarƙashinai dut shekarun nan?"

"Ni mana! Yaya Kalilu ko ƙaya bai taɓa ɗaukewa ba."

"To ka ci shari'a, Baffa. Wanda ya shayar da icce, ya yi mai hidima, shi doka ta sani."

Baffa Maliki ya tashi fuska a sake, yana sa masa albarka. "Ashe an daɗe ana cuta ta ban sani ba," in ji shi. Kamalu ya bi shi da kallo yana jin daɗin kansa. Ya kare gabas ya ci, ya kare yamma ya ci, wa ya isa ya tsaya gabansa a Sabon Birni?

Kafin mako ya zagayo, gaisuwar 'yan'uwan nan biyu ta koma "lahiya" da "lahiya lau", kowa na kallon gefe. Matan gidajen suka daina aika wa juna ɗanɗanon miya. Aka fara tsayawa a teburin Lauwali ana rabuwa biyu, 'yan gindi da 'yan saiwa. Nana Hauwa ta tare ƙanenta ta ce ya je ya kashe wutar da ya kunna. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, ziyarar gani da ido za a yi, kamar yadda manyan kotuna ke yi.

Aka kwasa sai Turba, tsofaffin biyu kowa a motar kasuwa daban. Kamalu ya sauka cikin kwat da igiyar awo a kafaɗa, 'yan tashar nan biyu na biye. Mutanen ƙauye suka fito kallo. Ya auna gindin gawo ta gabas, ya auna ta yamma, ya auna inuwa, kafin ya gama inuwar ta matsa ya sake aunawa. Malam Kalilu ya ce gindi, Baffa Maliki ya ce saiwa. Murya ta hau murya, har Baffa ya tuno wata tunkiya da aka ci masa tun suna samari. Da kyar dattawan Turba suka raba su, kowa ya kama hanyar Isa yana huci.

Kamalu ya tsaya baya, yana kallon kututturan gamban da suka bi tsakiyar gona a karkace, nan su shiga gabas, can su shiga yamma.

"Ga tushen rigimar nan," ya ce wa mutanensa. "Ciyawa! Wace kotu ka karɓar ciyawa shaida? Ku tumɓuke ta, mu sa iyaka ta zamani. Gobe in sunka gani sai sun gode min."

Ranar ce kaɗai aka taɓa ganin Kamalu ya riƙe abin haƙa da son ransa. Suka bi gamban nan kututture bayan kututture, suka tone har saiwa, suka cike ramukan suka baje ƙasa sumul. Ya ja igiya ya kakkafa turaku a miƙe, ya ɗaura wa kowanne jan ƙyalle. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ce ko a Abuja sai haka.

Da maraice garken shanu ya bi ta wurin zuwa mashaya. Turakun da shanu suka bari, mata masu neman itace suka kwashe, suna murna da busasshen icce har da ƙyallen ɗaure shi. Iskar bazara ta taso ta share sauran. Da tsofaffin suka koma duba gona, sai suka iske fili fetal daga wannan gefe zuwa wancan, gawo na tsaye shi kaɗai a tsakiya.

Malam Kalilu ya rantse Maliki ne ya tone iyaka don ya ci masa gona. Baffa Maliki ya rantse da abin da ya fi haka. Maigarin Turba ya ce kada wanda ya sa iri a tsakiyar nan sai an gano iyaka, ga shi kuwa hadari ya fara leƙowa ta gabas. Kamalu ya ji duk wannan, ya ɓoye abin da ya aikata. Ya ce a ransa bari dai a wuce intabiyu, in ya zama ma'aikacin lauya gyaran ba zai yi wuya ba.

Ran intabiyu ya fito tsaf, ya ɗaga wa Muzammilu hannu. Muzammilu ya rage gudu kawai.

"Babana ya ce kar in ƙara ɗaukar kowa na gidanku."

"Kai, yau hwa ranar ce!"

"To doka ta kai ka."

Haka Barista na teburin shayi ya hau bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan albasa da wani bunsuru da ya ƙwallafa rai a kan gefen kwat. Ya isa Sabon Birni a makare, ya jiƙe sharkaf, in ya gifta sai mutum ya waiwaya ya nemi mai albasa.

Ofishin ɗaki biyu ne a bakin hanya. A na ciki an zaunar da masu neman aiki huɗu a dogon teburi, maza uku da mace ɗaya, ga kujera guda babu kowa. Barista Abdulrasheed na gefe, dattijo ne mai furfura, cikin farar shadda, ko kwat ɗin ma bai saka ba. Kamalu ya tsaya bakin ƙofa ya buɗe murya.

"Bawana! Tashi ka ba ubangidanka kujera!"

Barista ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. Da ya buɗe baki sai ga Sakkwatanci tsantsa, don a Sakkwato ya girma.

"Lale da bawa na biyar. Waɗanga huɗun ma Gobirawa ne, kowa ya yi min wagga gaisuwa tun da hantsi, na kuma rama. Kai ne dai ka kawo taka ta huce. Zauna, Bagobiri, kar ka narke muna bakin ƙohwa."

Aka yi dariya, ba irin wadda Kamalu ya shirya ba. Ya zauna yana cewa a ransa ba komai, babban makamin na nan.

Barista ya ajiye musu shari'a. Shanun wani sun shiga gonar wani sun yi ɓarna, manomi ya kama saniya ɗaya ya ɗaure, makiyayi ya ce sata ce. Ya ce su tattauna su kawo masa shawara ɗaya. Macen, Ni'imatullahi sunanta, ta fara cewa ya kamata a san ko gonar kan burtali take.

"Ba shi da amfani!" in ji Kamalu. "Sashe na tara ya gama magana."

Wani ya ce a nemi shaidu. Kamalu ya ce shaidu ɓata lokaci ne. Wani ya ɗaga yatsa, Kamalu ya daki teburi har biro ya faɗi. Ya ɗaure manomi, ya ɗaure makiyayi, saura kaɗan ya ɗaure saniyar. Barista na ta rubutu, Kamalu kuwa ya ɗauka maki ake zuba masa.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "waɗanga karatu kawai sunka sani, ni aiki na sani. Ko cikin makon nan na yi shari'ar gona Turba. Ɓangare biyu, kowa ya tashi shina sa min albarka."

Bai rufe baki ba hayaniya ta kaure a ɗakin waje.

"Ni na riga ka zowa!"

"Ƙarya kake, Maliki, ƙafata ta riga taka shiga!"

Kamalu ya san muryoyin nan tun yana cikin zani. Ya ji kwat ta ƙara nauyi. Kaico! Shi da bakinsa ya cika Isa da labarin cewa duk ƙasar Gobir babu lauya irin Barista Abdulrasheed, ga shi tsofaffin sun gaskata shi. Kowa ya taso a ɓoye ya ɗauki lauya, suka yi karo a bakin ƙofa.

Ƙofa ta buɗe, Malam Kalilu da Baffa Maliki suka shigo kafaɗa da kafaɗa, Muzammilu na bayansu. Mutanen da ke wucewa suka taru a taga.

"Barista, ƙanena ya tone min iyaka!"

"Barista, yayana ya tone min iyaka! Kuma doka na bayana, lauya ya tabbatar min."

"Ni ma lauya ya tabbatar min!"

"Wane lauya?" in ji Barista.

Hannu biyu suka miƙe lokaci ɗaya, suka nuna wuri ɗaya.

Barista ya cire tabarau ya goge. "To madalla. Ku bar maganar saniya, ga ta gaske ta zo. Malam Kamaluddeen, wagga ce shari'ar da kowa ya sa maka albarka?"

"Ranka shi daɗe, akwai bayani..."

"Za mu ji shi. Gawon na wa ne?"

Kamalu ya dubi dama, ga ubansa. Ya dubi hagu, ga baffansa da sanda.

"Ta wani hannun na Baba ne. Ta wani hannun kuma na Baffa."

"Wato na su biyun."

"Kusan haka."

"Ai haka yake tun ba ka zo duniya ba!" wata murya ta faɗo daga taga.

"To iyakar hwa?" in ji Barista. "Da mi anka shaida ta?"

"Gamba," in ji tsofaffin.

"Ina gamban?"

Kamalu ya tsura wa silin ido kamar an rubuta amsar a can. Muzammilu ya gyara tsayuwa, dama abin na cin sa tun jiya da 'yan tasha suka fesa masa don an hana su shayin da aka yi musu alkawari.

"Barista, wanda ya tumɓuke gamba ga shi nan cikin kwat. Cewa ya yi kotu ba ta karɓar ciyawa."

Wayyo! Taga ta ɗauki salati, wani ya faɗi ƙasa don dariya. Malam Kalilu bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Ya dai juya ya dubi ƙanensa, idanunsa suka ciko.

"Maliki, na rantse da Allah kanka bisa ƙarya."

"Ni ma haka, Yaya. Har tunkiya na tono."

Kunya ta rufe su duka biyu, tsofaffi da furfura a gaban yara. Suka koma kan benci ɗaya suka zauna. Barista ya ce shi ba zai karɓi wannan shari'a ba, abin da ya fi su sasanta tun ruwa bai sauka ba. Baffa Maliki ya ce to yaya za a yi, tunda ba mai iya nuna inda gamba ta bi? Duk inda aka ja layi, wani zai kwana da zargin an ci masa taki biyu.

Malam Kalilu ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Kar a ja layi. Tsakiyar nan dut, daga hanya har gawo, daga gawo har ƙarshen gona, ni na bar nawa."

"Ni ma na bar nawa," in ji Baffa Maliki. "A ba wa?"

"Mai ita mana. Wanda ya share ta."

Kamalu ya zabura. "Baba, ina da ja! Ga doka, ba a ba mutum kyauta sai ya..."

"Zauna," in ji tsofaffin, baki ɗaya.

Kamalu ya zauna, ya juya ga Barista. "Ranka shi daɗe, maganar aikin hwa?"

"Aikin magatakarda saurare ne," in ji Barista. "Kai kau tun da ka shigo ban ga ka saurari kowa ba, sai yanzu da anka ce ka zauna. Ni'imatullahi, ɗauki biro ki rubuta musu yarjejeniya, mu ga hannunki. Kyauta ce, ban karɓar ko kwabo."

Nan Kamalu ya ji duniya ta yi masa zafi. Yana zaune yana gani aka rubuta sunan ubansa, aka rubuta na baffansa, aka rubuta gawo da hanya. Daga waje aka ji tsawa ta yi gunji can gabas, mutanen taga suka fara cewa alhamdu lillahi, gobe shuka.

Ni'imatullahi ta ɗago kai. "Sunan wanda anka ba?"

"Kamaluddeen Kalilu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Sana'a?"

Kamalu ya gyara wuyan kwat, ya buɗe baki. Tsofaffin suka riga shi.

"Manomi."